Taɓa Wuya a Gindin Tsamiya

Ku matso, ku bar dariyar nan. Na ji abin da ɗayanku ya ce, wai kai kifi Maraɗi a keke ba sana'a ba ce, murza feda ne kawai. To madalla. Ku da kuke zaune kan kabu-kabu esansi, wato fetur, na yi muku numfashi, dole ku faɗi haka. Mu lokacin da muke ɗaukar kifin tabkin Madarumfa, injin yana nan cikin ƙirji, kuma in ya lalace babu shagon da za ka je ka sayo sabo.

Ɗaurin kwando aka fara koya mini. Ana sallame sallar asuba masunta sun fara fitowa daga ruwa. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a gindin kwando, ka jera tarwaɗa a ƙasa don ita mai taurin rai ce, sau da yawa har Maraɗi tana motsi. Karfasa a sama, ba ta son danni. Ka rufe da ganyen bado da wani jiƙaƙƙen buhun, sannan ka ja da roba, wadda muke yankowa daga tsohuwar robar cikin taya. Kwando ya zauna daidai tsakiyar kariya ta bayan keke. In ya karkata ko kaɗan ne, kafin rabin hanya kafaɗarka ɗaya za ta ba ka labari. A jikin keke kuwa akwai famfo, da kile na kwance ƙusa, da faci da man liƙinsa cikin gwangwani, da gorar ruwa. Wanda ya manta faci, ƙayar aduwa na jiransa a hanya, ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Duk wannan gaggawar don mace ɗaya ce da ire-irenta. Hajiya Rabi mai suya, a bakin kasuwar Maraɗi. Ba ta gaisawa da kai sai ta gaisa da kifi. Ta ɗaga kunnen karfasa da farce ta leƙa. In ja ne, sai ta ce, "Sannu da hanya, ɗan Madarumfa." In ya fara dishewa, ko kallonka ba ta yi, sai ta juya wajen na bayanka. Saboda haka aikinmu tsere ne da rana. Ka yi sanyi, kifi ya lalace. Ka yi wuta tun farko, ka ƙare a tsakiyar yashi, kifi ya lalace. Gwanintar duka tana tsakanin biyun nan.

Wanda ya koya mini shi ne Maigida Sanda, shugaban ayarinmu. Ba mu da yawa, ba mu cika goma ba. Dogo ne, ba shi da ƙiba ko kaɗan, ya girme mu nesa, amma babu wanda ya taɓa ganin bayan kekensa ya matso kusa a kan tudu. Da na zo masa, ina saurayi mai ji da ƙarfin noma, bai ba ni kifi ba. Buhun yashi ya ɗaura mini. Na ce, "Maigida, yashi zan kai Maraɗi? Ai suna da shi." Ya ce, "In ka zube da yashi ba wanda ya yi asara. Hau." Haka na yi ta binsu da yashi a cikin yashi, abokina Mati yana tambayata kullum ko an yi ciniki.

Akwai wani tudu a hanyar, yashi ne zalla, a samansa wata tsohuwar tsamiya. Nan ake tsayawa, nan kuma ake yin abin da nake son in gaya muku. Kana isowa, tun kafin ka jingine keke, Maigida Sanda zai ɗora yatsu biyu a wuyanka, nan ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ɗan yi shiru. Ya bi kowa haka. Sai a sha ruwa, a yayyafa wa buhu, ya zagaya ya duba ɗaurin kowa. Sannan ya dawo ya sake taɓawa. Ranar farko na ɗauka addu'a yake mini, har na ce amin.

Da na tambaye shi, sai ya ce wajen ubansa ya gani. Uban bafatake ne, haka yake yi wa dabbobinsa in an hau tudu, don dabba ba ta faɗin ta gaji. Ya ce, "Mutum ma ba shi faɗi. Dabba ba ta da baki, mutum kuma kunya gare shi." Na ce to ai kowa ya hau tudun nan zuciyarsa gudu take. Ya ce, "Ba gudunta nike nema ba, Auta. Saukowarta." Ya kama hannuna ya ɗora a wuyana, ya ɗora ɗayan a wuyan Mati. Tawa tana dukan yatsuna kamar mai daka ta makara. Ta Mati, wanda ya riga ni shekaru a hanyar, har ta koma tafiyarta a hankali, sai ka ce ba shi ya hau tudun ba.

Daga ranar abin ya shiga raina. Ko ina zaune sai in ji yatsuna a wuya. Na lura tudu ɗaya ne, kaya ɗaya ne, amma bayan wata da watanni bugun da nake isowa da shi ya ragu, saukowar kuma ta yi sauri. Ranar da tawa ta riga ta Mati sauka, ranar aka kwance mini yashi aka ɗaura kifi. Na lura da bazara, in zafi ya yi zafi, tana hawa fiye da yadda ƙafa ke aiki, in ka sha ruwa ta ɗan lafa. Wanda ya kwankwaɗi shayi mai kauri ko ya cika goro, wuyansa na tona shi. Da azumi kuwa kowa tasa na tsalle, shi ya sa ake rage kaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na safe. Kafin a tashi daga bakin tabki Maigida yakan taɓa kowa, ba a yi aikin komi ba tukuna. Wata safiya ya taɓa Mati ya ce, "Koma gida." Mati ya rantse lafiyarsa lau, har ya yi tsalle ya nuna. Kafin la'asar masassara ta kwantar da shi. Satin da ya yi aure ma an kore shi gida, amma wannan ba masassara ba ce, kuma har yau in na tuna masa sai ya jefe ni da takalmi.

Amfanin taɓawar a gindin tsamiya shi ne rabon kaya. Wanda tasa ta ƙi sauka, a ɗebe masa kifi a ƙara wa wanda tasa ta sauka. Babu gardama, babu jin haushi, don ba bakin kowa ya faɗa ba. Sai dai ku riƙe abu ɗaya. Maigida ke taɓa kowa. Shi babu mai taɓa shi. Wa zai miƙa hannu wuyan maigidansa? Ko a mafarki ba mu taɓa kawo wannan ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta yi gardama, gulbi bai shigo tabki yadda ya saba ba, ruwa ya ja baya har muna tura keke a inda da ake jefa taru. Kifi ya yi ƙaranci, wanda ake samu ƙanana. A shekarun ne kuma aka karya darajar kuɗinmu na sefa, taya da roba suka gagari talaka. Na taɓa cusa tsummoki cikin taya na kai Maraɗi a haka, kowane zagaye sai ta buga mini sirdi. Don a rufa asiri muka koma sawu biyu: da safe ɗan kifin da aka samu, da hantsi ko da yamma kayan lambu, tumatir da salati da albasa. Mu matasa muna yin sawu na biyu bi da bi. Maigida Sanda kullum yake yi, don gidansa cike yake da bakuna. A lokacin na ga wasu abubuwa ban gane su ba. Ya daina ba da labari a kan tudu, shi da ba ya rufe baki. A gindin tsamiya yakan kwance ɗaurin da ba abin da ya same shi ya sake ɗaurawa, har mu ƙosa. Muka ce tsufa ne ya sa shi tsantseni.

Ana cikin haka uwata ta kwance mini sarƙar keke. Ni ne autanta, ita kuma ungozoma ce, hannunta ya saba da ƙirjin jarirai da na masu jinya. Wata rana na dawo na kwanta a inuwar zaure, barci ya ɗauke ni. Ta zo tashina sallar la'asar, ta ga ko motsi ba na yi, ta ɗora tafi a ƙirjina. Salatinta ya tashe ni. Ta ce, "Auta, zuciyarka ba ta tahiya! In ta buga ɗaya sai na jira ta biyu. Haka ta ubanka ta yi ranar da ya bar mu." Na ce, "Inna, lahiyata lau, yanzu na dawo daga Maraɗi." Ta ce, "Shi ya sa. Ƙarfen nan ya shanye maka jini." Washegari na fito na tarar da keke tsirara. Ta sa wani maƙwabci ya cire sarƙar, ta naɗe ta cikin tsumma, ta jefa cikin kwallarta ta rufe.

Ku da ba ku san Inna ba, ba za ku gane girman abin ba. In ta rufe kwalla, sai dai in ita ta buɗe. Ni kuwa ga mata da jariri, ga rumbu babu komi, ga ayari ba ya jiran kowa. Akwai samari da yawa masu son gurbina, kuma in aka ba wani an ba shi ke nan. Na yi kwanaki ina kallon abokaina suna wucewa. Gaskiya tsoro ma ya kama ni. Sai in ɓuya in taɓa wuyana, in ji tana tafe a hankali ƙwarai, in ce kai, ko dai tsohuwar nan ta yi gaskiya?

Maigida Sanda ya zo da kansa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, don ta girme shi, kuma ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka. Ya ce, "Gwaggo, wanga abu ba ciwo ba ne. Duk wanda ya daɗe a hanyar nan haka tasa take in yana kwance." Ta ce, "Kai likita ne?" Ya ce a'a. Ta ce, "To mi ka sani?" Ya ce, "Ki zo gindin tsamiya gobe ki taɓa da hannunki." Inna mace ce mai son ganin ƙwaƙwaf, na san abin ya taɓa ta. Ta ce, "Na ba da aron sarƙa na safiya ɗaya. Zan zo da tsummana. In ban gamsu ba, nan take za a cire ta, ya turo ƙarfensa gida da ƙafa."

Da sassafe ta bi amalanken jaki na maƙwabcinmu mai zuwa kasuwa. Da muka hau tudun, ga ta zaune a gindin tsamiya, ta shimfiɗa tsumman a cinya. Ban taɓa hawan tudun nan da fargaba irin ta ranar ba, na kuwa san fargabar ma ƙara bugun take. Maigida ya nuna mata inda ake ɗora yatsu. Ta ture hannunsa ta ce, "Tun ba a haife ka ba na san wurin." Ta fara da ni. Ta buɗe ido. "Ikon Allah! Wagga ce jiya take jan ƙafa?" Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Mati ya miƙa wuya yana cewa a yi masa a hankali, amaryarsa na so. Ta ɗan mare shi a ƙeya.

Aka sha ruwa, aka yayyafa wa buhu. Ta sake zagayowa. A wuyana ta daɗe, kanta a karkace kamar mai sauraron magana daga bayan danga. Ta koma wuyan Mati, ta dawo nawa. Akwai wani sabon shiga a cikinmu, ta taɓa shi ta ce, "Wanga tasa ba ta sauka ba." Maigida ya ce, "Bai daɗe da farawa ba. Ta Auta ma haka take da." Ta ce, "Wato in an kira ta ta zo da gudu, in an sallame ta ta koma ta kwanta." Ya ce, "Shi ke nan, Gwaggo. Wadda ba ta da ƙarfi ita ce kullum cikin gudu." Na ga ta fara naɗe tsumman, na ji sanyi har ƙafata.

Sai ta ɗaga kai ta ce, "Saura kai."

Maigida ya yi dariya ya ce rana na yi, kifi ba ya jira. Ta ce, "Ka kira ni in taɓa kowa. Kai ba kowa ba ne? Sunkuyo, ka yi mini tsawo." Babu yadda zai yi, ya sunkuya. Mu duk muka kau da kai, don ganin hannu a wuyan Maigida ya yi mana nauyi. Ni dai na saci kallo. Ta ɗora yatsu, ta saurara, ta ɗauke. Ta ce ya zauna. Ta jira har muka fara duban rana. Ta sake ɗorawa. Sannan ta sunkuya ta danna babban yatsa a idon sawunsa, ta ɗauke, ramin ya tsaya bai cike ba.

Ta kira ni. "Auta, kawo hannunka." Na ce, "Inna, haba." Ta kama hannun da ƙarfi ta ɗora a wuyansa. Mutumin da ya riga mu hutawa, amma tasa tana gudu kamar yanzu ya hau tudun. Ba gudun kaɗai ba. Sai ta buga, ta buga, ta yi tuntuɓe, ta tsaya, sannan ta zabura. Na taɓa wuyoyi da yawa bayan nan, ban sake jin abin da ya tayar mini da hankali kamar wannan ba.

Inna ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Na riƙe ƙarshen na manta farkon. Ta uban Auta sai ranar ƙarshe ta yi sanyi. Kafin nan haka ta yi ta yi, wata da watanni, ƙafa na kumbura. Sanda, kana iya kwanciya rigingine?" Ya ce, "A jingine nike barci tun kaka." Ta ce, "Kai da ke taɓa na kowa, ba ka taɓa naka ba?" Ya ce, "Ina taɓawa, Gwaggo." A nan na gane dalilin kwance ɗaurin da yake yi yana sakewa. Jira yake ta sauka, ba ta sauka.

Ta buɗe tsumman ta shimfiɗa a ƙasa gabansa. Ta ce, "Na zo da shi don sarƙa, ba ni komawa da shi hakanan." Ya ce, "Gwaggo, gidana fa?" Mati ne ya amsa, kuma ranar babu wasa a bakinsa. Ya ce, "Maigida, kai ka koya mana. Wanda tasa ta ƙi sauka, a raba kayansa." Maigida ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zaro kile daga jikin kekensa, ya tsuguna, ya cire sarƙar da hannunsa, ya ɗora a tsumman. Muka raba kifinsa a kwandunanmu. Da na waiwaya daga gangaren, yana zaune gefen Inna a gindin tsamiya, keken a kwance, suna jiran amalanke ya dawo. Ranar Hajiya Rabi ta ɗaga kunnen karfasa ta yamutsa fuska, ta ce ina dogon naku. Da muka gaya mata, ta karɓi kifin duka ba ta sake leƙawa ba.

Ni na raka shi asibiti a Maraɗi. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciyar ta gaji, ya ba shi magani, ya ce babu shi babu ɗaukar kaya. Ban iya yin shiru ba, na ce ya taɓa tawa ya gaya mini dalilin da take jan ƙafa. Ya taɓa, ya tambayi sana'ata, ya yi murmushi. Ya ce mai babban guga ba ya yawan jefawa rijiya, ja ɗaya ya cika tulu, haka zuciyar da ta saba aiki. Amma ya ce in sanyin ya zo da jiri ko faɗuwa, wannan wani abu ne daban, a zo a gan shi. Na kawo wa Inna bayanin. Ta ce ita ma abin da ta ce ke nan.

Maigida bai sake hawa ba. Ya koma zama a bakin tabki, shi ke karɓar kifi wajen masunta, shi ke duba ɗauri, shi ke taɓa wuyan kowa kafin a tashi, kasonsa kuma na fita daga kowane kwando. Abu ɗaya ya canja. Da aka ba ni jan ayari, ya ce a gindin tsamiya wuyan shugaba za a fara taɓawa, kuma mafi ƙanƙanta a ayarin ne zai taɓa. Duk lokacin da ya ji ƙarfi a jikinsa sai ya je gaida Inna, ya zagaya, ya zagaya, ya kawo maganar sarƙa. Ta ce, "Sunkuyo." Ta taɓa. Ta ce, "Ba yau ba." Zai iya sayen wata a kasuwa, ko ya ari ta wani. Bai taɓa yi ba.

Inna ta riga shi tafiya da shekaru. Yana cikin waɗanda suka tsaya sahun gaba a sallarta. Bayan an share makoki mata suka buɗe kwallarta, suka tarar da sarƙar Maigida a cikin tsumman, ta sha mai, ko ɗigon tsatsa babu. Ashe duk shekarun nan tana fito da ita tana shafa mata man gyaɗa. Na ɗauka na kai masa bakin tabki. Ya buɗe tsumman, ya ja sarƙar tsakanin yatsunsa tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya naɗe ta yadda take, ya miƙo mini.

Ya ce, "Mayar da ita, Auta. Ba ta ce a ba ni ba."